AMSAR WASIƘUNKU: Don Me Ake Yawo Da Wanda Ya Yi Haɗari Daga Wannan Asibiti Zuwa Wancan?

Kamar yadda muka saba, abin da kuka ji ta rediyo shi ne muka buga a nan, domin wanda aikin fadama ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, ko a karanta masa. Wannan makon wasiƙu uku muka haɗa, don kuwa duk a kan magana guda suke.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a ƙasar Argungu, manomi mai taɓa fataucin shinkafa. Ya ce da kaka ƙanensa ya goyo buhu biyu a babur, mota ta kaɗe shi da la'asar. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka ɗinke masa goshi, aka ce a yi gaba. A na biyu aka ƙara masa ruwa, aka ce babu jini, a yi gaba. Kafin su kai na uku dare ya raba, rai ya yi halinsa a hanya. Malamin yana tambaya, shin ƙin aiki ne, ko kuwa don an ga su talakawa ne? Kuma ina amfanin asibitin da ba ya iya riƙe mai rauni?

To Malam, da farko muna yi maka ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma neman magani da gyara abin da ya lalace, wannan aikinmu ne mu bayi. Saboda haka bari mu warware maka zancen daki-daki.

Abin da ke kashe mai babban rauni

Idan likita ya ce babban rauni, yana nufin wanda zai iya ɗaukar rai ko ya bar mutum da naƙasa. Haɗarin mota da babur ne kan gaba, sai faɗowa daga itace ko gini, tunkuyin sa, harbin bindiga, sara, ƙuna, da injin casa ko na niƙa idan ya kama hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, haɗarin hanya kaɗai yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara.

Likitoci sun kasa masu mutuwa ta wannan hanya gida uku. Akwai waɗanda ke cikawa nan take, su kam ba abin da asibiti zai yi musu. Akwai waɗanda ke kai sa'a guda zuwa 'yan sa'o'i. Akwai kuma waɗanda ke cikawa bayan kwanaki ko makonni, sa'ad da rauni ya ruɓe ko ƙoda ta gaza. Kashi na tsakiyar nan su ne ake iya ceto da yawa, kuma abu uku ne yake cin su: toshewar numfashi, zubar jini, da taruwar jini a cikin ƙoƙon kai.

Jinin da ke jikin babban mutum bai wuce lita 5 ba, watau ko rabin bokiti bai kai ba. In lita 2 ta fita, rai yana cikin hatsari. Abin tsoron kuwa shi ne ba dole a ga jinin a ƙasa ba. Karayar cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita guda a cikin tsoka. Idan saifa ko hanta ta fashe, ciki ne zai cika da jini, alhali mutum yana zaune yana ba da labarin yadda abin ya faru. Ka ga ke nan ɗinkin goshi bai taɓa inda ciwon yake ba. Ƙarin ruwa kuma jinkiri ne kawai yake sayo wa mutum. Maganin irin wannan shi ne ƙarin jini da tiyata, cikin gaggawa.

Kowane asibiti da iyakarsa

Malam, ka san yadda sarauta take a ƙasarmu. Akwai maganar da mai unguwa yake kashewa a ƙofar gidansa. Akwai wadda sai hakimi, wata sai uban ƙasa, wata kuwa sai gaban Sarki. Mai unguwar da ya riƙe maganar kisan kai a zaurensa ai bai kyauta ba. To haka asibiti yake.

Ƙaramin asibitin ƙauye aikinsa ya danne jini, ya ɗaure karaya, ya ƙara ruwa, ya tura. Babban asibitin gari, irin na Argungu ko Jega ko Yawuri ko Zuru, shi ake sa ran a samu likita da ɗakin tiyata da hoton ƙashi. Sama da su akwai na Birnin Kebbi: asibitin Sir Yahaya, mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Gwandu Yahaya, da asibitin Gwamnatin Tarayya wanda aka daɗe da sani da FMC, yanzu kuma ya zama asibitin koyarwa. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai cibiya ta musamman ta tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959. A Abuja kuma an buɗe cibiyar masu manyan raunuka ta ƙasa a cikin Babban Asibitin Ƙasa a 2014.

Me zai hana a sa irin waɗannan likitoci a kowane gari? Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba su da yawa, don kafin mutum ya zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa sai ya haura shekara 10 yana karatu da koyon aiki. Na biyu, hannun likita kamar hannun maƙeri yake, in ba ya aiki kullum sai ya yi sanyi. Gara a tara su wuri guda, tare da jini da na'urori, a riƙa kai musu masu rauni.

Saboda haka in malamin asibiti ya ce maka a yi gaba, sau da yawa gaskiya ya faɗa maka. Ba mu ce ba a samun sakaci ba, ana samu. Amma a labarinka, inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka yi turawar. An buga waya gaba an ce ga mai rauni nan tafe? An tabbatar akwai jini da likita a can kafin ku tashi? An haɗa ku da malamin asibiti a mota? An ba ku takardar abin da aka riga aka yi masa? In duk amsar a'a ce, to ba tura ku aka yi ba, sallamar ku aka yi.

Ga misali a ƙasarku. Argungu tana tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato. Zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, zuwa Sakkwato kimanin 100. A ce mutum ya bugu a ka, irin bugun da sai a Sakkwato za a yi aikinsa. In aka nufi Birnin Kebbi da shi, aka jira, sannan aka juyo, ya yi tafiyar kilomita 200 maimakon 100, ban da zaman jira. Waya guda tsakanin likita da likita ita ce za ta raba wannan gardama tun mota ba ta tashi ba.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗinke ɓarakar

Abin da ake nufi da tsarin ƙasa na kula da masu manyan raunuka shi ne a ɗaure waɗannan asibitoci da igiya guda. Lambar waya guda, motar asibiti mai ma'aikaci a ciki, kowane asibiti ya san matsayinsa, kuma a rubuta tun kafin haɗari ya auku cewa mai rauni iri kaza wuri kaza za a kai shi.

Ingila ta yi haka. Ta fara da birnin Landan a 2010, ta game ƙasa a 2012. Aka ware manyan asibitoci 27, aka ce wa masu motar asibiti idan rauni babba ne, kuma tafiyar ba ta wuce kamar sa'a guda ba, su wuce ƙananan asibitoci su nufi babba kai tsaye. In da nisa, ko mutum ba zai kai ba, a tsaya a na kusa a tsayar da jini, sannan a wuce. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna damar tsira ta ƙaru da kusan kashi 1 cikin 5. Yawancin asibitocin nan da ma suna nan, hanyar da ke tsakaninsu aka gyara.

Kada ka ce ai wannan sai ƙasar Turawa. Fatakenmu sun san Kumasi ta ƙasar Gana. Wani bincike da aka buga a 1998 ya gwada Kumasi da birnin Siyatil na Amurka. Cikin masu rauni mai tsanani, kashi 63 cikin ɗari suka mutu a Kumasi, kashi 35 a Siyatil. Da aka duba sai aka ga mafi yawan bambancin tun kafin a kai asibiti yake. To su wa ke ɗaukar masu haɗari a Gana a lokacin? Direbobin haya. Sai likitocin suka shiga tasha, suka koya wa direbobi 335 taimakon farko a darasin sa'a 6 kacal. Da aka bi sawu daga baya, an tarar masu iya tsayar da jini da gyara numfashi a cikinsu sun ƙaru ƙwarai.

Ina aka kwana a Nijeriya?

Wahalar tamu ita ce asibitocin ba ubangidansu ɗaya ba. Na koyarwa na Gwamnatin Tarayya ne, manyan asibitocin gari na jiha ne, ƙananan na ƙauye kuwa suna tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kowa yana kula da ɗakinsa, hanyar da ke tsakani ta zama marainiya.

Duk da haka an yi motsi. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau 'yan rod sefti, kuma lambarsu ta kyauta ita ce 122. Akwai kuma 112, lambar neman agaji ta ƙasa baki ɗaya. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ta kafa asusun da ake zuba aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun don jinyar gaggawa. Da wannan kuɗi aka ƙaddamar da shirin motocin asibiti da agajin gaggawa na ƙasa a 2022, wanda ake kira NEMSAS. Manufarsa a ɗauki mai rauni, a yi masa jinyar sa'a 48 ta farko ba tare da an ce ya fara biya ba. Shirin yana shiga jihohi ne ɗaya bayan ɗaya, a asibitocin da aka yi wa rajista. Saboda haka ku tambayi shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku wace lamba ce ke aiki a yankinku, kuma wane asibiti ne ke ciki. In an ce babu, wannan magana ce ta kai wa kansila da ɗan majalisa.

Tsoron 'yan sanda da maganar kuɗi

Wasiƙa ta biyu daga wani direba ce mai jigila tsakanin Birnin Kebbi da Kamba. Ya ce shi kam yana tsoron ɗaukar wanda ya yi haɗari, kada a ce shi ya kaɗe shi, ko asibiti ta ce sai da takardar 'yan sanda.

Malam direba, tsoronka yana da dalili, mutane da yawa sun sha wannan wahala. Amma ka san doka tana bayanka. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai neman jinyar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. A 2017 kuma aka yi doka ta musamman kan harbin bindiga. Ta ce asibitin gwamnati ko na kuɗi ya karɓi wanda aka harba, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara magani. Ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a dame shi da tambayoyin wulaƙanci. Shawararmu, ka buga 122 tun kana wurin, ka ɗauki shaida ɗaya ko biyu cikin waɗanda suka gani, ka kuma sanar da shugabannin tasharku.

Abin yi kafin a kai asibiti

Jama'a, a ƙauyukanmu wanda ke fara isa ga mai rauni ba likita ba ne. Manomi ne, ko ɗan kabu-kabu, ko yaron mota. To ga abin da ya kamata kowa ya riƙe.

Na ɗaya, a tsare wurin. A zuba ganye a hanya gaba da baya, a kashe mota, ban da sigari. In tankar mai ce ta faɗi, a yi nesa. Kun ji abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka halaka, galibi wajen kwasar fetur.

Na biyu, numfashi. A fara da wanda ya yi shiru, don mai ihu yana numfashi. In ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe guda, kai da gangar jiki tare, don kada jini ko amai ya shaƙe shi.

Na uku, jini. A samu tsumma mai tsabta, rawani ko gyale ko zane, a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. In hannu ne ko ƙafa, jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a sa ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya. A riƙe lokacin da aka ɗaure a faɗa wa likita, kada a kwance a hanya. Ban da igiya ko waya. Ban da zuba ƙasa, toka, kashin shanu, fetur ko baƙin mai. Ƙarfe ko itacen da ya soki mutum kuwa, kada a zare shi.

Na huɗu, wuya da baya. Kada a ja mutum ta hannu da ƙafa a jefa a mota kamar buhu. Laka tana cikin ƙashin baya, in ta tsinke ba ta ɗoruwa. A samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kai, uku ko huɗu su ɗaga tare.

Na biyar, kada a ba shi ruwa ko fura, ko da yana roƙo. Ƙishirwar nan alamar zubar jini ce, kuma ciki cike yana kawo matsala wajen tiyata. A lulluɓe shi, don sanyi yana hana jini daskarewa. Ƙuna ce kaɗai ake kwarara wa ruwa mai sanyi, na kamar minti 20, ban da ƙwai ko manja.

Na shida, a lura da alamun ɓoye: gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ciki yana kumbura, amai, barci mai nauyi bayan an farfaɗo, jini ko ruwa ta kunne. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba na kemis ba ne. A nufi asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, kuma 'yan'uwa masu lafiya uku ko huɗu su bi don ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Akwai wata allura mai rage zubar jini, sunanta taranezamik, wadda aka gwada a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a 2010. Amfaninta sai an yi ta cikin sa'a 3 da jin rauni. Ka ji wani dalilin barin jinkiri.

Maganar ɗori

Wasiƙa ta uku daga wata baiwar Allah ce a Birnin Kebbi, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta ce tun kaka da kakanni Aliero ake kai karaya, shin yanzu an hana ne?

Malama, ba wanda zai musa sunan da maɗoran Aliero suka yi, har daga wajen jihar nan ana zuwa. Abin da muke cewa shi ne a fara da asibiti, a yi hoto, a tabbatar babu jini a ciki ko a kai. Akwai kuma karayar da ba ta ɗori ba ce sam: wadda ƙashi ya huda fata, ta ƙugu, ta wuya ko gadon baya, da wadda ta zo da bugun kai ko na ciki. Kuma duk wanda aka ɗaure wa karaya, musamman yaro, a riƙa duba yatsunsa. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, ko ciwo ya tsananta, ɗaurin ya yi tsauri. A sassauta nan da nan a tafi asibiti a ranar. Ta nan ne yara da yawa ke rasa hannu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A ƙarshe muna kira ga masu unguwanni, shugabannin tasha, sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin manoman shinkafa. Ku zauna tun lafiya lau ku yanke abu huɗu. Motar wa za a tasa in abu ya faru da dare? Wa ke riƙe da kuɗin mai na asusun gari? Lambar wane malamin asibiti za a buga? Su wa suka san rukunin jininsu, suka kuma yarda su bayar? Ku gayyaci malamin asibiti, ko 'yan rod sefti, ko 'yan agaji, su koya wa direbobi da 'yan kabu-kabu abin da muka lissafa. Wuni guda ya isa a fara. Masu babur kuma a sa hular kwano, a rage lodi, rigakafi ya fi magani.

Malam na Argungu, wannan bayani ba zai dawo maka da ƙanenka ba. Amma tambayoyin nan huɗu ka riƙe su, ka koya wa na kusa da kai. Duk ranar da aka ce muku a yi gaba, ku tambaya cikin ladabi: ina za mu, an buga musu waya, wa zai raka mu, ina takardarmu?

Nan muka kawo ƙarshen filin na wannan mako. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga amfanin gona lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.